Kabaid a Ranar Wasan Ruwa

Direbobin Je Hiang duk sun watse tun jajibirin Songkran, bikin wasan ruwa na sabuwar shekarar ƙasar, kowa ya nufi ƙauyensu da kwalin tsaraba, aka bar Samruai shi kaɗai a garejin yana goge gilashin motarsa mai taya goma. Ba wai ya fi su son aiki ba ne. Takardun laifi biyu ne ke rataye a wuyansa, mai irin wannan kaya kuwa ba shi da bakin cewa a'a.

Dokar Je Hiang, mai kamfanin, ba wanda bai haddace ta ba. Direban da ke ɗaukar kaya masu haɗari, in aka rubuta masa laifi sau uku a kan allunan gargaɗin da ke jikin mota, ya ajiye makulli ya kama gabansa. Na farkon Samruai, rana ce ta cinye launin allo har ya koɗe. Na biyu, masu lodi ne suka bar lambar kayan jiya ba su sauya ba. Duka biyun ba hannunsa, amma jami'in hanya sunan mai sitiyari yake rubutawa, ba ruwansa da wanda ya yi lodi. Abin da ya fi ci wa Samruai rai shi ne makullin motar tafe yake da makullin ɗakin nan na bayan gareji, inda matarsa Lamyai ke zaune tun da ɓarin jikinta ya shanye. Mutum ya doshi sittin, wa zai ɗauke shi aiki? Ita kuma ina zai kai ta?

Je Hiang ta fito daga ofis da lema a hannu guda, waya a ɗayan.

"Kawu Samruai, 'yan mangwaron garin Phichit sun hana ni barci. Kabaid ɗinsu ya ƙare, mangwaro na nan kore shar a kwanduna, kasuwa na wuce su. Yau za ka tashi."

"Je Hiang, yau fa ake fara wasan ruwa."

"To ni na ce ka tsaya ka yi wasa da su?"

"Kabaid ne fa, Je. Kuma akwai duro biyu can baya da murfinsu ya lotsa, na gani da idona."

"Tamfol ɗin na ado ne? Ja shi da kyau." Ta juya za ta tafi, sai ta waigo. "Ka kula min da alluna. Ka san saura ɗaya."

Kabaid dai dutse ne mai launin toka, masu walda na amfani da shi, 'yan mangwaro kuma su ƙunsa shi a takarda su tura cikin kwando don kaya su nuna da wuri. Muddin yana bushe, ko kwana ka yi a kansa ba abin da zai same ka. Ruwa ne abokin gabarsa. Ɗigo kaɗan ya taɓa shi sai ya hau tsuwa yana fitar da iska mai warin tafarnuwa, iskar nan kuwa guntun sigari ya ishe ta tashi da unguwa guda. Shi ya sa ake kafa wa motar shuɗin allo mai hoton harshen wuta a kowane gefe, da wani mai ruwan lemo mai lambobi gaba da baya. Irin wannan kaya aka ɗora wa mutum a ranar da ƙasar duka ta fito titi da bokiti.

Ya leƙa ɗaki ya ajiye wa Lamyai ruwa da magani inda hannunta mai lafiya zai kai, ya roƙi maƙwabciya ta riƙa duba ta. Sannan ya ja tamfol har igiya ta yi masa sawu a tafin hannu, ya taɓa layar da ke rataye a madubi, ya tada mota.

An hana manyan motoci bin babban titi a kwanakin biki, dole ya bi ƙananan hanyoyin da ke ratsa tsakiyar garuruwa. A gari na farko suka tare shi. Yara da manya, rigunan furanni sun manne musu a jiki, kowa da ƙwarya cike da kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa. Ruwan bokiti bai dame shi ba, tamfol na iya masa. Farar ƙasar ce. Haka ake yi, a shafa maka a kumatu, a shafa wa motarka, a yi maka fatan alherin sabuwar shekara, kai kuma ka yi murmushi ka gode. Wanda ya ɓata rai shi ne marar tarbiyya. Samruai ya yi murmushin, haƙora a cije, yana kallo ta madubi hannuwa na bin jikin motarsa.

Da ya fita garin ya tsaya a gefen gonar rake ya zagaya. Ya duba allunan. Ba allo ɗaya da ake iya karantawa, an damalmale su fari fat, wani ma har ya zana zuciya da yatsa a kan harshen wutar. Zafin rana ya riga ya busar da kwaɓin ya kama ƙam. Ya goga da tsumma, ya kankara da farce, ya tofa yawu ya sake gogawa, kowace mota ta taho sai ya ɗaga kai ya duba ko ta jami'ai ce. Kafin ya gama rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ga garuruwa birjik a gabansa kafin Phichit.

Gaba kaɗan ya tsaya a rumfar wata tsohuwa mai gasa kaza, don tun safe ba abin da ya shiga cikinsa. Ta miƙo masa cinya da dunƙulen shinkafa mai danƙo, tana ƙare masa kallo.

"Ɗana, kowa na murna kai fuskarka kamar an aiko ka karɓar gawa. Matar ce ta kore ka?"

"Ina ma ita ce, Inna. Waɗancan allunan ne. In aka shafe su aka kama ni, aikina ya ƙare."

"Allo kuma? To ka sa musu riga mana." Ta nuna rediyonta da ke kan tebur, an naɗe ta cikin leda an ɗaure. "Ka ga wannan, shekara nawa tana cin biki, ko ɗigo bai taɓa shigarta ba."

Samruai ya tsaya da tauna. Gaskiya ne, a kwanakin nan ba abin da ba a sa wa riga. Waya na cikin jakar roba a wuya, sirdin babur na cikin leda, ɗan sanda ma rediyonsa a ƙunshe take. Ya tambaye ta ko tana da leda mai haske, wadda ake ganin abu ta cikinta. Ba ta da ita. Abin da take da shi tsofaffin buhunan taki ne a bayan rumfa, da ƙullin waya irin ta ɗaure shinge.

Kada a ce bai sani ba, ya sani sarai. Rufe allo da gangan ya fi barinsa da datti muni, tun ranar da ya karɓi lasisi aka gaya masa. Amma ya yi lissafinsa. Shekara da shekaru yana bin hanyoyin nan, shingen bincike kullum a bayan gari ake kafa shi, inda titi ya miƙe kuma akwai filin tsayar da mota. Ba mai kafa shinge a tsakiyar 'yan wasan ruwa. Zai rufe in zai shiga gari, ya kwance in ya fita, alluna su fito tas. Tsoro ya riga ya cika masa ciki, dabarar ta yi masa kyau ƙwarai.

Ta kuwa yi aiki. Ya ratsa gari guda, ya tsaya ya kwance buhuna, alluna na ƙyalli. Ya mayar ya ratsa wani. A nan ne wani ɗan ƙwaya ya finciko buhun baya har ya kusa cire shi, saboda haka da zai shiga babban garin gundumar sai ya ninka wayar, ya murɗe ta da filaya yadda ba hannun da zai iya kwancewa. Har ya ɗan kunna rediyo yana bin waƙa.

Garin gundumar ba irin na baya ba ne. Titi ya cushe tun daga gada. Motocin a-kori-kura cike da durorin ruwa da ƙanƙara, an kafa dandamali a gaban kasuwa, lasifika na dukan ƙirji, 'yan mata na rawa a sama. Gefe da gefe masu gashi sun jera murhunan gawayi, hayaƙin kaza da na tsire ya turnuƙe. Samruai ya shiga yana jan ƙafa, har ya kai inda ba gaba ba baya. A nan ya hango abin da bai sa a lissafi ba. Hukumar gari ta fito da motar kashe gobara don ta shayar da jama'a, wani ƙato mai rigar furanni na tsaye a kanta riƙe da tiyo, yana feshin taro suna ihu.

Ƙaton ya waiwayo ya ga babbar mota mai tamfol a bushe. A ranar nan abu busasshe raini ne. Ya nuna ta da yatsa, taro ya ɗau sowa, ya juyo da tiyon.

Ruwan bokiti daban, na tiyon kashe gobara daban. Motar duka ta girgiza. Samruai ya danna hon, suka ɗauka taya su murna yake, suka ƙara ihu. Ya sauke gilashi ya ɗaga hannu yana cewa a bari, wata yarinya ta sheƙa masa ruwan ƙanƙara a fuska tana dariya. Da ya share ido ya duba madubi, sai ya ga kusurwar tamfol ta baya ta ɗaga tana kaɗawa, ruwa na shiga ta nan kai tsaye, daidai inda durorin nan biyu suke.

Ya diro daga motar. Hannuwa suka yi masa ca, wannan ya shafa masa farar ƙasa a kumatu, wancan a goshi, ana ta "barka da sabuwar shekara, Kawu." Ya kutsa ya isa bayan motar. Tun kafin ya kai warin ya tare shi, tafarnuwa mai hawa kai, kuma duk da ƙarar lasifika da ya kara kunne ya ji tsuwar. Taku kaɗan daga nan wata mata na fifita gawayi, tartsatsi na tashi. Wani saurayi ya jingina da tayar motar yana laluben ashana a cikin ledarsa, sigari a baki.

Samruai ya fizge sigarin ya jefar a ruwa.

"Kai tsoho, lafiyarka kuwa?"

"Kabaid ne a ciki. Ku matsa, wuta za ta tashi."

"Me? Ƙara murya, Kawu, ba na ji." Saurayin ya dafa kafaɗarsa yana rawa. "Ka sha da yawa ne? Zo ka ƙara."

Ya ɗaga kai wajen mai tiyo yana kaɗa hannuwa biyu. Ma'aikacin kashe gobara ne fa, da idonsa ya faɗa kan shuɗin allon nan da tuni ya saki tiyon ya yi ta kansa. Amma me zai gani? Buhun taki. Samruai ya kama wayar allon baya ya murɗa. Filayar na can cikin mota, taro ya raba shi da ƙofa. Wayar ta jiƙe tana sulɓi, shi da kansa ya ɗaure ta yadda ba za ta kwantu ba. Ya ja buhun da haƙori, ya ja da farce, wayar ta tsaga masa yatsa jini ya gauraya da farar ƙasa, buhun ko gezau.

Can a mahaɗar titi akwai rumfar 'yan sanda, wani saje na zaune yana cin kankana. Samruai ya gan shi tun ɗazu, tun ɗazu kuma yake kawar da kai. In ya kira shi, da ƙafarsa ya kawo wanda zai ga buhunan. Ya tsaya, hannu na zubar da jini, ya tuna ɗakin bayan gareji da Lamyai a kan katifa. Matar nan mai gawayi ta sake kaɗa mafici, tartsatsi ya yi sama, ga wata jaririya a goye a ƙirjin uwarta daf da tayar baya.

Ya ruga. Bai san yadda ya keta taron ba, sai ganinsa ya yi a gaban tebur yana riƙe da hannun saje.

"Yallaɓai, motata ce waccan. Kabaid na ɗauko, ruwa ya shiga."

Sajen, Thawin aka rubuta a ƙirjinsa, ya leƙa ta saman kawuna. "Kabaid? Ina allunanka?"

"Suna nan. Na rufe su."

Saje Thawin ya miƙe. Ya ɗauki wuƙar da yake yanka kankana ya bi shi. Yanka ɗaya ya yi wa buhun gefen motar, shuɗin allon ya bayyana, sabo fil, ba ko ɗigon datti. Warin ya bugi hancinsa. Daga nan kuma ba wasa. Usur ya tashi, aka zare wayar lasifika, garin ya yi tsit har ana jin zubar ruwa daga tamfol. Mai tiyo ya ga allon, ya rufe famfo. Aka kwashe murhuna da gudu, aka kora mutane cikin lunguna, motocin gaba suka hau dakalin shaguna don a sami hanya.

"Kawu, za ka iya jan ta?" in ji Saje. "Akwai filin ƙwallo bayan makaranta."

"Zan iya."

Ya ja ta a hankali, tagogi a buɗe, babur ɗin Saje na gaba, titi fayau ba kowa. A filin ma'aikatan kashe gobara suka yaye tamfol don iska ta ratsa, suka sauke durorin nan biyu da suka yi zafi, suka kai su tsakiyar fili suka kewaye da busasshen yashi. Ba abin da ya kama. Ba a jima ba aka ji lasifika ta dawo daga wajen kasuwa, gari ya koma wasansa.

Samruai na zaune a matakalar mota, an ɗaure masa yatsa, sai ga Saje Thawin ya nufo shi yana zaro littafin rubuta laifi daga cikin leda. Samruai ya sauko ya durƙusa a kan ciyawa, ya haɗa tafin hannuwa a goshi. Ya girmi sajen nesa ba kusa ba, amma kunya ta riga ta fita daga idonsa.

"Yallaɓai, ka dube ni. Biyu gare ni, wannan ce ta uku. In ka rubuta, aikina ya tafi, ɗakin da muke ciki ya tafi. Matata ba ta iya tafiya."

"Tashi, Kawu, don girman iyayenka. Kada ka sa ni jin nauyi."

"Ni fa na zo na kira ka. Da ƙafata na zo."

"Na sani. Zan rubuta hakan ma."

"To rubuta wani abin. Ka ce taya ce ta suɗe, ka ce fitila ce ta mutu, ka ce na zage ka. Duk abin da ka ga dama, ban da allo."

Saje ya sauke numfashi ya tsuguna kusa da shi. "Kawu, ka ga yawan wayoyin da aka ɗaga lokacin da na yanka buhun nan? Maigidana ya riga ya kira ni, ya gani kafin in gaya masa. Ina zan ɓoye shi?" Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Da farar ƙasa ce ta rufe su, ai da ko littafi ba zan buɗe ba. Tun safe motoci nawa suka wuce ni fari fat? Tsumma nake miƙa wa direba in ce goge ka tafi, an gaya mana mu yi haƙuri da wannan a kwanakin biki. Amma buhu da waya, hannu ne ya ɗaura."

Samruai ya miƙe tsaye. Ya miƙa lasisinsa. Ya sa hannu a inda aka nuna masa, yatsan da aka ɗaure ya sa rubutun ya karkace.

Bai ma kai ga kiran Je Hiang ba, ita ta kira. Ta ga hoton, sunan kamfaninta ɓaro-ɓaro a ƙofar motar. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ka kai sauran kayan Phichit, mutane na jira. In ka dawo ka ba mai gadi makulli. Ɗakin kuma na ba ku zuwa ƙarshen wata, saboda Anti Lamyai."

"Je, murfin durorin nan fa na gaya miki..."

"Ni na rufe alluna, Kawu?"

Ta kashe. Ya zauna riƙe da wayar, farar ƙasa ta bushe a fuskarsa tana ja masa fata. Yana nan zaune wayar ta sake ruri. Lambar maƙwabciya ce, amma muryar Lamyai ce ta fito, a hankali, harshe na mata nauyi kamar kullum.

"Tsoho, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Yaran gareji sun zo ɗazu. Sun zuba min ruwan furanni a hannu, na sa musu albarka. Har na zauna a kujera, da kaina na zauna." Ta yi 'yar dariya, rabon da ya ji irinta an daɗe. "Amma na ji kunya, Tsoho. Bangon ɗakin nan ya yi baƙi, baƙi sun shigo suna kallo. In za ka dawo ka sayo fenti, ka shafa mana kafin damina."

Ya rufe ido, ya danne bakin wayar da tafin hannu har numfashinsa ya daidaita.

"Kana ji na?"

"Ina jin ki. Wane launi kike so?"

"Kore mai haske. Kada ka sayo mai duhu, ka san halinka."

"To," in ji Samruai. "Mai haske zan sayo."